Ranar da Sannu-Sannu Ya Miƙa Makulli

Assalamu alaikum. Shugaban asibiti, shugaban direbobi, dattawan unguwa, Inna uwargidan marigayi da 'ya'yansa da jikokinsa, 'yan uwa da abokan arziki, Allah ya saka muku da alheri da kuka zo.

Ni bakanike ne, ban iya jawabi ba. An zaɓe ni ne don shekara talatin da ɗaya ina gyara bas ɗin da marigayi yake ɗaukar ma'aikatan asibiti da ita. Mu a gareji Sannu-Sannu muke kiransa, domin mai keke ma yakan wuce shi yana ɗaga masa hannu.

Ya kasance direban da ko kaza bai taɓa takawa ba. Ya kasance mai jiran ma'aikaciyar jinya ko da ta makara, amma sai ta sha mita har ƙofar asibiti. Ya kasance mai sauraron inji kamar yadda uwa take sauraron tarin ɗanta. Sau nawa yake ce mini, "Malam, ba nan ba ne, duba can," kuma can ɗin ne.

Kun san ciwon mantuwa da ya same shi bayan ya ajiye aiki. Sunayen 'ya'yansa sun ɓace masa, tuƙi bai ɓace ba. Kullum da safe sai ya sa hula, ya nufi tsohuwar motarsa da ke tsakar gida, wai ma'aikata suna jiransa. Inna, ke kika zo gareji kina hawaye kika ce, "Ku taimake ni, kada mutumin nan ya kashe ɗan wani a ƙarshen rayuwarsa." Wallahi tsoron da muka kwana da shi ke nan shekara biyu.

Sai muka yi dabara irin ta kanikawa. Na je a ɓoye na zare fiyus. Washegari ya sa wani. Na cire wayar fulogi, ya gano. Na kwance kan batir, ya ɗaure, har ya aiko mini da saƙo wai aikina ya lalace, in nemi wata sana'a. Mu da muke ganin mun iya, mun manta wanda ya koya mana rabin abin da muka sani. Makullin kuwa a wuyansa yake rataye, babu mai ƙarfin halin karɓa.

Wata safiya motar ta tashi. Babbar 'yarsa ta fito da gudu, ko takalmi babu, ta tarar ya kai bakin titi. Ya tsaya, ya kunna sigina, ya duba dama, ya duba hagu. Ya daɗe a haka. Sannan ya ja birkin hannu, ya kashe inji, ya ce mata, "Baiwar Allah, ina za ni ne?"

Ta ce, "Baba, babu inda za ka."

Ya ce, "To bai kamata in hau titi ba. Riƙe wannan."

Da hannunsa ya zare makullin nan da ba ya rabuwa da wuyansa ya ba ta. Bai gane 'yarsa ba a ranar, amma ya gane haƙƙin mutanen da ke kan hanya. Bai sake tambayar motar ba har Allah ya karɓi abinsa.

Inna, 'ya'yana, muna kewarsa, ba zan ɓoye ba. Amma ni yau zuciyata a sake take, kuma na san taku ma haka. Ya huta da wahala, kun huta da fargaba. Abin da kika roƙa, Inna, Allah ya ba ki: mijinki ya tafi babu jinin kowa a hannunsa.

Mun gode wa maƙwabta da ma'aikatan asibiti da suka tsaya a kansa har ƙarshe. Ya Allah, bawanka ya kai mutanenka gidajensu lafiya shekara talatin da ɗaya. Ka gafarta masa, ka sauke shi lafiya a gidan Aljanna. Amin.