Amarya Ba Ta Cikin Hoto

A tashar Dogon Dutsi, Ajuma na goye da ɗanta tana jiran motar Yamai, ta rungume wani ambulan. Tsohuwar da ke gefenta ta kasa haƙuri.

"Ɗiyata, mi kika riƙe haka kamar jinjiri?"

"Shaidar liman ce, Inna, zan aika wa ƙanwata can Beljik, ƙasar Turawa. Mahukuntan can sun ba ta kwana talatin ta bar mijinta ta bar ƙasar, wai auren ƙarya ta yi don takardar zama."

"Subhanallahi! Ba su ga hoton ɗaurin aure ba?"

"Shi ya jawo! Wai maza ne zalla bisa tabarma, ina amarya? Yaushe amarya ta taɓa zama wurin ɗaurin aurenta? Tana ɗaka tana kuka, ni ke riƙe da ita! Sannan suka ce ta faɗi sunan mijin, gabanshi. Kunya ta sa ta sunkuyar da kai, suka rubuta wai ba ta sani ba."

Tsohuwa ta tafa hannu. "Ashe ni ma ban yi aure ba! Shekara arba'in, har Malam ya rasu ban kama sunanshi ba."

Ajuma ta gyara goyonta. "Gode Allah, Inna, nan Arewa kika yi su."