Ƙwaryar da Ta Zauna a Kujerar Gaba

A tashar Agege, Mubina ta riga ta rungumi kwalin saƙonta za ta wuce, sai direban motar Kano ya sha gabanta.

"Hajiya, da sauran dubu goma sha biyar."

"Na me? Kakata Inno ta biya tun daga Kano. Ɗaga ka ji, ko kilo biyu bai kai ba. Ƙwarya ce guda ɗaya a ciki."

"Mu ba nauyi muke sayarwa ba, wuri muke sayarwa. Kuɗin but ta biya. Da aka zo lodi, tsohuwar ta kafe, wai ƙwaryarta ba za ta kwana ƙarƙashin buhun kowa ba. A kujerar gaba ta zauna, har bel na ɗaura mata."

"Oga, wannan tsakaninku ne. Ni ban yi ciniki da kai ba."

"Ta ce ke za ki cika. Ta ce, 'Jikanyar nan tawa a Legas aka haife ta, a roba take dama fura. Bari ta riƙe ƙwaryar kirki kafin ƙasa ta rufe min ido.'"

Mubina ta dubi tsumman da aka ɗaure kwalin da shi. Bakin zanin Inno ne, ta gane shi. Ta buɗe jaka.

"Dubu goma."

"Kawo. Amma ki shirya, Hajiya. Kwandastan danfo, bas ɗin cikin gari, shi ma kuɗin mutum biyu zai ce miki."