Ranar da Mai Duba Tikiti Ya Yi Wasan Ɓuya

Shugaban wannan taro, manajan tasha da manyan ma'aikata, dattawan ƙungiyarmu ta 'yan fansho, uwargidan marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, maƙwabta da abokan arziki, assalamu alaikum.

An ce in yi magana a madadin mu da muka yi aikin jirgin ƙasa tare da shi. Ni direba ne, shi mai duba tikiti. Shekara talatin da ɗaya ina gaba, yana baya.

Ya kasance ba ya makara. Ya kasance ba ya barin mai ciki ko tsoho a tsaye alhali ƙato na zaune. Ya kasance kuma, mu faɗa tunda ba ya nan balle ya harare mu, mutum mai ɗaure fuska. Fasinjoji suka sa masa suna Ba-Wasa, mu ma muka kama. Ya taɓa sauke surukinsa a wata ƙaramar tasha saboda tikitin jiya ne a hannunsa. Uwargida ta san wata nawa aka yi ana ba da haƙuri.

Amma yau akwai wadda na zo dominta. Auta, ɗago kanki. Tun ranar rasuwar nan kike cewa ke kika jawo. Likita ya ce mahaifinki ya kwanta ya huta, shi kuma ya roƙe ki, kika saya masa tikitin zuwa ƙarshen layi da dawowa. Kwana tara da dawowarsa zuciyar ta tsaya. To, ni na raka shi, ke ba kya nan. Bari ki ji abin da kika saya masa.

Da muka shiga tarago sai ya tsaya a tsakiya, ya rasa inda zai sa kansa. Bai taɓa zama a kujerar fasinja ba. Na tura shi bakin taga. Ba mu yi nisa ba ya taɓo ni.

"Kai, yaushe aka yi kogi a nan?"

Na ce, "Kogin da ka haye ya fi sau dubu?"

Ya ce, "Ni hannun mutane nake kallo."

Daga nan ban ƙara gane shi ba. Manoma suka ɗaga mana hannu, ya ɗaga musu biyu har hularsa ta faɗi. Ya hura gilashi ya zana jirgi da yatsa, ya sa ni a gaba da ƙaton kai. Muka shiga gasar ƙirga gadoji, da na wuce shi ya ce na yi maguɗi.

Sai ga mai duba tikitin ranar ya ɓullo daga gaba, wani magidanci da marigayi ya koya wa aiki. Marigayi ya tura tikitinsa cikin safa, ya ce mini, "Duk dabarun da aka yi mini a jirgin nan, yau zan gwada su."

Jama'a, dattijo mai jikoki bakwai! Ya ari mayafin wata tsohuwa ya lulluɓa yana minshari. Ya shiga bayi ya bar ƙofar a ɗan buɗe, wai wadda aka kulle ake zargi. Da jirgi ya tsaya, ya sauka ta baya, ya shigo taragon da aka riga aka duba. Tasha uku ana nemansa, fasinjoji duk sun goya masa baya. Da aka ritsa shi a bayan buhunan kaya, mai duba tikitin ya sara masa ya ce, "Ranka ya daɗe, tikiti." Marigayi ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, hawaye na zuba, ya kasa ko cire takalmin. Sai ranar na san yana da wushirya.

Ba zan yi miki ƙarya ba, Auta, ya gaji. A hanyar dawowa yana ta haki. Na tsorata, na ce da mun sani da ba mu zo ba. Ya ce, "Rufe mini baki. Likita ya gaya mana ni da uwar Auta, ba zan wuce wata biyu ba, ko ina kwance ko ina tsaye. Na hana a gaya wa Auta. Da ta sani, da ta kulle ni a ɗaki tana ba ni magani da cokali."

Ya ce in riƙe maganar, na riƙe. Jiya mahaifiyarki ta ce in faɗa miki, don ita ta kasa. Ki dube ta, za ta gaya miki gaskiya na faɗa. Ba ki rage masa kwana ko ɗaya ba, 'yata. Kwanansa a ƙirge suke tun kafin ki je tasha. Abin da kika yi, kin ɗauki guda a ciki kin ba shi ya yi wasa. Mu da muka shekara talatin da ɗaya da shi ba mu iya yi masa haka ba, kuma wallahi abin yana mini ciwo.

Mun gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Allah ya gafarta masa, ya yalwata makwancinsa, ya ba uwargida da iyali haƙuri. Allah ya sauke wa 'yarsa wannan nauyi tun daga yau. Amin.