Kuɓewar Inna a Kan Farantin Sola

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro.

Na ji shirinka kan yadda ake bin diddigin ƙasashen da ke komawa ga wutar hasken rana. To, masu lissafin su sa da gidanmu na Kafin Soli.

Ni na lallashi maigidana ya rabu da janareto ya sayo sola a Kankiya, don hayaƙi da ƙara sun hana ni karatun littattafaina. Da farko kamar mafarki. Kwatsam sai fitila ta fara mutuwa tun kafin isha'i, ina tsakiyar labari. Maigida ya ce, "Kin gani ko? Solarki irin soyayyar littafi ce, ba ta ɗorewa. Ran kasuwa zan mai da ita."

Washegari da hantsi na ɗaga kai, sai ga kuɓewa shanye a kan farantin sola, bisa rumfa. Ashe Inna ce, mahaifiyar maigida, ta shanya. Wai nan ta fi bushewa, kuma awaki ba su kaiwa!

Suruka ba a yi mata gyara. Na ɗauko sabuwar tabarmata, na durƙusa na ce, "Inna, kuɓewarki ta fi cancantar wannan." Ta dubi farantin, ta dube ni, ta yi dariya. "Ja'ira! Ashe abincin fitilar na tare."

Tun ranar wuta ba ta sake ɗaukewa ba, maigida kuma ya fasa zuwa kasuwa.

Ina gaida ƙawata Rabi a Kusada. Rabi, kafin ki zagi mai sola, ki leƙa rumfarku.

Taku,
Hafsatu