Faifan da Ya Ɓata Mini Waƙar Yaya

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu a rediyo, sannu da aiki. Ni ce Ramatu daga Gaya. Ba ni da yawan magana, amma yau raina a ɓace yake.

Akwai tsohuwar waƙar soyayyar nan ta mai jiran kwalekwale, wadda ta yi tashe kafin mulkin kai. A da ban taɓa jin faifanta ba. A bakin Yaya Hadiza na san ta, in muna wanki a gulbi. Tun da ta yi aure Malanbil, can ƙetaren gulbi, duk littafin soyayyar da na buɗe muryarta nake ji.

Shi ya sa na roƙe ku ku sa mata ita. Ranar da za ku sa ta, na tara ƙawayena na lakwal, wato makaranta, gidan Baba Issa mai rediyo, ina ta cika baki.

Haba Malam! Wannan murya ce ko ƙofar langa-langa? Mawaƙin ya shaƙe, ya yi tari tsakiyar baiti, 'yan amshi kowacce da inda ta nufa. Wa ya yarda aka buga wannan? Baba Issa ya ce, "'Yata, mu aika masa da zuma ko?" Kowa ya fashe da dariya.

Dariyar zan iya jurewa. Abin da ya fi ciwo, yanzu in na rufe ido ina neman muryar Yaya, tarin mutumin nan nake ji.

Don Allah ku jingine faifan nan. Yaya, in kina saurare, ki ƙetaro ranar kasuwa ki rera mini ita daga farko.