Shaidar da Ta Makara

A ɗakin jira na hukumar kare haƙƙin jama'a ta jiha, Lorene Pettway na zaune rungume da wata takarda. Dattijon da ke gefenta ya dube ta.

"Baiwar Allah, sabuwar ƙara ce?"

"Tsohuwa ce, yallaɓai. Wani farar fata mai gidaje ya hana ni haya don ni baƙar fata ce. Hukumar nan ta yi watsi da ƙarar, wai babu shaida. Yanzu sakatariyarsa ta bar aiki, ta rubuto mini abin da ya faɗa da bakinsa."

"Yaushe suka yi watsin?"

"Wata bakwai ke nan."

"Kin makara. Hannunsu ya fita, ba su da ikon sake buɗewa. Kwana sittin aka ba ki ki tafi kotu. Yana rubuce a ƙasan wasiƙar da suka aiko miki."

"Shaida nake jira! Da me zan je kotu, da hawaye?" Lorene ta ƙura masa ido. "Kai lauya ne?"

"A'a, gidaje nake bayarwa haya. Ni ma an taɓa kawo ƙarata nan, aka yi watsi da ita."

"Ka aikata?"

Dattijon ya jujjuya hularsa a hannu.

"Kwana sittin ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya na ƙirga su."