Haruffan Ɗantani Masu Wutsiya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Uban Ƙasa, Allah gafarta Malam Liman, shugabannin direbobin tashar Jega, 'yan uwana 'yan albasa na Aliero, Hajiya Gudiya maiɗakin marigayi, da Waliyyu babban ɗanai, ya ƙarin haƙurinmu? Ni Isiyaku anka ce in yi magana, wai don na fi kowa faɗa da marigayi. Ban musa ba.

Yau kwana arba'in da Malam Ɗantani mai fenti ya bar mu, kuma ni har yanzu ban huce ba.

Ya kasance mai rubutu iri biyu. Akwai haruffanai masu wutsiya, wanga ya karkace, wancan ya yi tumbi, wani ya ɗaga ƙafa kamar ya ji kalangu. Su munka sani a bayan motocin albasa, da shagon aski, da teburin mai shayin Jandutsi. Akwai kuma miƙaƙƙu, baƙi bisa fari, ba ado ko na ɗigo.

Ya kasance mai taurin kai, Allah ya yafe mai. Shekarar da anka ba mu jiha, kowane allo sai an goge Sakkwato an sa Kebbi. Na same shi na ce, "Ɗantani, allon ƙungiyarmu na bakin titi, masu rawar nan nika so."

Ya ce, "Alhaji, direban da ke gudu yaushe za ya tsaya kallon rawa? Masu wutsiya sai wanda ke zaune, ko wanda ke biye da mota a baya."

Na ce da kuɗina. Ya ce in kai su gaba. Na kai su gaba, anka yi mani allo kamar zanen lalle. Motoci ukku sunka taso daga kudu ɗaukar kaya, sunka wuce mu sai Tambuwal, albasa na kwance cikin rana, kuma kun san ba ta jiran kowa. Da na koma da allon bisa kai, abin da kawai ya ce shi ne, "An gama rawar?" Wallahi har yau ina jin zafinta.

Ya kasance duk allon da ya shafi rai, na makabarta, na ɗakin magani, na gada, miƙaƙƙe yake yin shi, kuma shi da kanai ke zuwa ya kafa.

To, jama'a, ku ɗaga kai ku dubi ƙyallen da ke bayana. Waliyyu ya rubuta shi, da masu wutsiya. Waliyyu, sau ukku na karanta kafin in gane ubanka ne ya rasu! Wani direba ya tambaye ni ko dambe za a yi. Hannunka ya fi na marigayi kyau, a gaban mutane nika faɗi. Amma shi ya san inda ake tsayawa.

Ga abin da ya dame ni. Allon kwanar ɗakin maganin nan na wajen Kuberi iska ya kayar da shi tun damina. Watan jiya mota ɗauke da mai naƙuda ta wuce kwanar, sai Maiyama, Allah ne ya kiyaye. Tun kafin nan marigayi ya riga ya fara sabo. Layin sama ya gama, na ƙasa alli ne kawai, ciwo ya kwantar da shi. Waliyyu, an ce mani ka haɗa ja da kore da ɗorawa za ka ƙarasa.

Haba ɗana! Motocina huɗu, na ba ka bayansu duka, ka yi rawa har ka gaji. Amma wancan allo, ka bi allin ubanka, kar ka ƙara ko wutsiya ɗaya. Hajiya Gudiya, ki sa baki, ke yaka jin maganarki.

Na yi rashin abokin faɗa, jama'a, kuma ina kewarsa ƙwarai. Mun gode da zuwanku, na kusa da na nesa, Allah ya mai da kowa gida lafiya. Shi kuma Ɗantani, Allah ya gafarta mai, ya miƙe mai hanya yadda ya miƙe wa baƙi tasu. Amin.

Waliyyu, gobe bayan hantsi ina tafe da baƙin fenti.